Tagar da Muka Huda a Zanar Inna

Shekarun baya, tun tumbin nan nawa bai fara riga ni shiga ɗaki ba, an taɓa naɗa ni mai gadin ƙofar gidanmu a Filinge. Kwana goma sha tara na yi a kan muƙamin aka tsige ni, kuma har yau ba a ba ni takardar sallama ba. Ni tela ne, jama'a, keken ɗinki da surutu na iya. Ku gyara zama ku ji yadda ta kaya.

Mahaifiyata mace ce da dubiya ta zame mata sana'a. Tun ina yaro, in aka ce wani ya kwanta ciwo a unguwa, kafin masu gidan su gama shimfiɗa masa tabarma ta iso da ƙwaryar kunu. Ina gaya muku, ko kazar maƙwabta ta yi tari, Inna za ta ɗaura zane ta je ta ce mata sannu. Ƙauyukan Kurfai kuwa babu wanda ƙafarta ba ta taka ba, a mota, a amalanke, a ƙasa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yakan ce ya auri mace ce ya raba ta da dukan ƙasa.

To ita ce aka wayi gari ciwo ya kama. Ƙulli ne a nono, ta ɓoye shi wata da watanni, sai da yayata mai aure a Yamai ta zo ganin gida ta lura, ta tisa ta gaba har asibiti. Aka yi gwaje-gwaje aka ce ciwon daji ne. Ranar da na ji, ni mai bakin nan, na wuni ban ce wa kowa uffan ba, har abokan kasuwa suka zo tambaya ko haƙori ke damuna. Aka yi mata aiki aka cire nonon hagu. Bayan ta warke daga yankan, likitar, wata yarinya mai natsuwa da ba ta kai ƙanwata ba, ta ce saura magani na jijiya da suke kira shimiyo, sau shida, kowane sati uku sau ɗaya, a Yamai. Ta zaunar da mu ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce maganin yana kashe ciwon, amma yana raunana jinin da ke kare jiki, har murar da ni zan share da hannun riga ita tana iya kwantar da ita. Ta ce a rage taro, a rage musabaha, mai tari kada ya matso, kuma kada a ba ta jiƙe-jiƙe. Na gyaɗa kai sau ɗari. A zuciyata kuwa na ce, baiwar Allah, ba ki san wadda kike magana a kanta ba.

Muka dawo daga zagaye na farko. Kafin mu sauke kaya daga mota, labari ya riga mu isa gida. Abin da Inna ta shekara arba'in tana shukawa ya tsiro rana ɗaya. Mutane daga Damana suna sannu da yarensu, "fofo, kala suru", mutane daga Bonkuku, Fulani daga ruga, matan unguwa layi-layi. Takalman da ke ƙofar ɗakinta sun isa a buɗe shago. Dubiya a wurinmu kuma ba leƙe ba ce. Za a shiga har ɗaka, a zauna bakin gado, a riƙe hannu, a sha hura a ƙwarya ɗaya, dattawa su karanta addu'a su tofa mata a ka. Kowa kuma da ƙunshin maganinsa, wannan saiwa, wancan ɓawo. Inna na tsakiya, ga jiri ga tashin zuciya, amma fuskarta kamar ranar sallah. Wa zai ce wa mutanen nan su fita? Ni dai ban iya ba.

Kwana na goma zazzaɓi ya rufe ta. Jikinta ya yi zafin da na rantse za a iya gasa masara a goshinta, tana rawar ɗari, ba ta gane mu sosai. Muka kai ta asibitin gari, suka duba suka ce mu wuce Yamai. Wannan hanya na bi ta sau ba adadi, amma ranar ta yi min tsawon tafiyar Makka. Sati guda ta yi a kwance ana mata ƙarin ruwa. Aka ɗaga zagaye na biyu. Da ta farfaɗo aka yi mata shi, likitar ta kira ni da yayata gefe. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ce, "Wannan karon Allah ya kiyaye. In ya sake faruwa, ban san ko jikinta zai ɗauki sauran maganin ba."

A mota yayata ta yanke hukunci. Ta ce tunda Allah ya ba ni baki, lokaci ya yi da zai amfani wani. Na kwaso keken ɗinkina daga kasuwa na dasa shi a zaure, na zama hukuma.

Ga inda na yi wautata. Kunya ta hana ni gaya wa mutane gaskiya. Yaya zan dubi tsohuwar da ta yi tafiyar rabin yini in ce mata numfashinta haɗari ne ga aminiyarta? Sai na ɗauki hanyar da na fi ƙwarewa. "Tana barci." Wanda ya zo da hantsi, tana barci. Wanda ya zo da la'asar, yanzun nan ta kwanta. Wata ta zo sau uku a yini ɗaya, na ukun ta ce min, "Wai barcin ga nata, na mutane na ko na kada?" Da barci ya ƙare min sai na koma wanka. Inna ta yi wanka a bakina har na ji tsoron rijiyar unguwa ta ƙafe. Magungunan da aka kawo kuwa ina karɓa da hannu biyu, in yi godiya, in tura su ƙarƙashin teburin ɗinki.

Kafin sati biyu gari ya ɗauka. Wasu suka ce ta rasu muna ɓoyewa. Wasu suka ce tun da muka fara zuwa Yamai muka koyo halin mutanen birni, muna ƙyamar talaka. A masallaci na lura sahu yana ɗan buɗewa ta gefena. Inna kuma a ciki tana ta tambaya, "Yau ba wanda ya zo?" Ni kuma in ce, "Inna, mutane na gona." A watan da ko ɗigon ruwa bai sauka ba.

Ranar kasuwa, rana ta goma sha shida, sai ga Gwaggo. Yayar mahaifinmu ce, tana zaune a Bonkuku, tsohuwa 'yar ƙarama mai sanda, wadda in ta yi gyaran murya har raƙumi yakan gyara tsayuwa. Ta sauka daga motar kasuwa da ƙunshi a ka, tana tafe tana tari, irin tarin nan mai fitowa tun daga yatsun ƙafa. Na miƙe na tare ƙofa da faɗin jikina.

"Sannu da zuwa, Gwaggo. Ƙaƙa hanya?"

"Hanya ta yi kyau. Kauce."

"Ai Inna na barci."

"In tashe ta."

"Likita ta ce..."

"Likita ta haihe ka?" Ta dube ni daga hula har takalmi. "Ni na yi maka wankan hwari ranar da ka zo duniya, kana ihu awa ɗan akuya. Yau kai ka hana ni shiga gidan ƙanena?"

Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, ki sha ruwa tukuna."

"Ban sha." Ta sauke ƙunshin ta ajiye a kan kekena. "Ga maganinta. Ka gaya mata na zo, an kore ni. Ƙahwata da gidan ga, sai in gawa ta kawo ni."

Ta juya ta tafi, tana tari tana dogara sanda.

Abin da na manta shi ne, tsakanin zaure da ɗakin Inna bango ɗaya ne. Da na shiga na tarar da ita zaune a bakin gado, kanta ba ɗankwali. Gashin ya riga ya zube a lokacin, kuma ba ta taɓa bari na gan ta haka ba sai ranar.

Ta ce, "Kai mai baki. Mutum nawa ka kora?"

Na fara lissafin ƙaryar da zan yi, ta ɗaga hannu.

"Na ɗauka mutane sun gaji da ni. Kwana goma sha shidda ina kwance ina tambayar kaina laihin da na yi musu. Ashe kai na." Sannan ta ce, "Ka gaya ma yayarka ban koma Yamai. In maganin ga sai an ɗaure ni cikin ɗaki awa damen hatsi cikin rumbu, na yahe shi. In mutu cikin mutane ya hi min."

Saura kwana biyar a yi zagaye na uku. Ta ture kwanon tuwo, ta juya fuska bango. Yayata ta kira ta waya tana kuka, ta ƙi karɓa. Na durƙusa, na yi magiya, na yi barkwancin da ya saba kayar da ita da dariya, ko gezau. Wanda ya san Inna ya san in ta ce a'a, ko motar daji aka ɗaura mata ba ta motsi. Na koma zaure na zauna, na ɗinka wa wani hannun riga a wuyan wando ban sani ba.

Kashegari da hantsi ina zaune sai na ji dariya daga cikin gida. Dariyar Inna. Na ce shi ke nan, wani ya haura katanga. Na ruga ciki. Ashe bayan gidanmu ba katanga ba ce, zana ce ta kara, kuma akwai wata Bafulatana mai tallar nono, aminiyar Inna tun suna 'yan mata, wadda ba ta taɓa bin ƙofar zaure ba a rayuwarta. Duk ranar da ta shigo gari ta baya take zuwa, ta miƙo nono ta saman zana. Ranar ma haka ta yi. Tana zaune a waje ƙarƙashin bishiyar bedi, Inna ta jawo kujera tana daga ciki can nesa a inuwar ɗaki, suna ta hira ta tsakanin karare, ba mai ganin wani sai inuwa.

Na leƙa ta saman zana na ce, "Ke kuma wa ya ba ki izini?"

Ta ce, "Kaɗo, kai ne sarkin ƙohwa? Sarautarka ba ta zagayo nan ba." Ta ce ta ji duk abin da ake faɗa a gari. Sannan ta ce, "Ku ba ku san kiwo ba. Mu in saniya ta yi rauni, muna ware ta daga garke, gaskiya ne, don kada a tattake ta. Amma ba mu kai ta bayan dutsi. Inda take ganin 'yan uwanta muke ɗaure ta, tana jin kukansu. In ka ɓoye ta, ko ciyawar aljanna ka zuba mata ba ta ci."

Inna ta ce daga ciki, "Au, saniya kika maishe ni?"

"Saniya mai tsada, wallahi."

Suka sake fashewa da dariya. Ni kuwa na tsaya riƙe da zana kamar an buga min guduma. Likita cewa ta yi kada a matso. Ba ta ce kada a gani ba, ba ta ce kada a ji ba. Sauran duk ni na ƙara da kaina.

Na kira yayata, ta tambayi likitar. Washegari amsa ta dawo cewa in a fili ne, iska na kaɗawa, da tazara, ba taɓa hannu, ba cin abinci tare, babu laifi. Na ɗauko babban almakashina na yanka taga a zanar nan, faɗin tabarmar salla. Na kewaye bakinta da ƙyallen atamfa, don ko a bala'i tela tela ne. Na jera benci biyu a waje ƙarƙashin bedi, na sa wa Inna kujera mai taushi a ciki. Na je na kira ta ta ga aikina, ina jiran yabo.

Ta duba ta ce, "Ta yi kyau. Amma ba mai zama bencin ga sai Gwaggonka ta hwara zama. In ba ta zo ba, ban shiga mota."

Saura kwana uku. Washegari na hau motar farko zuwa Bonkuku, da ƙunshin maganinta a hannu don ta ga ban zubar ba. Na same ta tana tsinkar zogale. Na yi sallama, ta amsa wa katanga. Na durƙusa a rana, mutum mai 'ya'ya biyar, na faɗi gaskiya tun daga farko: jinin da ya raunana, zazzaɓin da ya kusa tafiya da ita, abin da likita ta ce, ƙaryar barci, da cewa Inna ta daina cin abinci ta kuma ce ba ta koma magani.

Hannunta ya tsaya a cikin zogalen. Ta ce, "To mi ya hana ka hwaɗi haka tun ranar?"

"Kunya, Gwaggo."

"Kunyar gaskiya ka ji, ba ka ji kunyar ƙarya ba." Ta nuna ƙunshin da sanda. "Wanga kuma? Rena shi kunka yi?"

Na ce wane ni, likita ce ta hana haɗa shi da nata, amma magani ne mai daraja, ni kaina da ba ni da lafiya da na sha. Jama'a, ku riƙa lura da bakinku. Gwaggo ta tashi ta jiƙa shi a ƙwarya, ta miƙo min. Na kalli ƙwarya, na kalli sanda, na tuna saura kwana biyu. Na shanye. Ɗacinsa ya sa na ga kakannina a jere suna min sannu.

Muka hau mota tare, ta rufe bakinta da gefen mayafi saboda tarin. Tsakanin Bonkuku da Filinge ba wata tafiya ba ce, amma sau huɗu na sa direba ya tsaya, ina rugawa bayan sabara riƙe da mazagin wando. A tsayawa ta huɗu fasinjoji suka fara min addu'a da ƙarfi. Da na dawo ina haɗa gumi, Gwaggo ta dube ni ta ce, "Ashe ya yi ƙarhi. Kai mai ciki awa rumbu ya kada ka, bale ita. Kada a ba ta." Wannan ita ce kaɗai takardar gwajin magani da na taɓa sa wa hannu.

Da la'asar muka iso. Na zagaya da ita ta baya. Inna na zaune a kujerarta cikin tagar, ta ɗaura ɗankwalinta mai kyau. Gwaggo ta tsaya. Ta daɗe tana kallon yadda matar ƙanenta ta rame. Na ga ƙafarta ta ɗaga za ta matsa, sai tari ya taso mata. Ta ja da baya da kanta, taki ɗaya, biyu, har bayan benci.

"Sannu, amaryarmu." Haka take kiranta shekara hamsin.

"Sannu, Yaya. An kore ki gidanki."

"Wawa ya kore ni, kuma na rama."

Sai ta sa bakin sandarta a ƙasa, ta ja layi a cikin rairayi daga gindin bedi har jikin zana. Ta ce, "Daga yau, wanda ya ƙetare wanga, ni da shi." Ta juyo gare ni. "Kai kuma kwashe kekenka ka koma kasuwa. An tsige ka."

Ranar Inna ta ci tuwo har da neman ƙari. Ranar da aka sa mata ta komawa Yamai kuwa, ita ta riga ni shiga mota.

Gwaggo ba ta koma Bonkuku ba sai da aka gama zagaye na shida. Kullum da safe takan sake jan layinta, ta zauna a ƙarshen benci da sanda a cinya. Abin da na kasa faɗa cikin kwana goma sha shida, ita takan faɗe shi cikin numfashi ɗaya: "Jininta ba ƙarhi, ku zamna nan, mai tari shi koma can baya." Kuma ba wanda ya yi fushi. Ko ɗaya. Matan unguwa suka riƙa zuwa da tsinkar ganyensu suna yi a benci, ana ba Inna labarin wanda ya yi aure da wanda ya gudu. Liman ya zo, ya tsaya bayan layi ya karanta addu'a ya shafa a fuskarsa, Inna ta ɗaga tafinta daga ciki ta shafa a tata. Mai unguwa ya taɓa mantawa ya miƙa ƙafa, sanda ta sauka kusa da babban yatsansa, ya ce, "Na tuba, Hajiya." Bafulatana ta riƙa dafa nonon kafin ta kawo. Ranakun da maganin ya kayar da Inna har ba ta iya fitowa, mutane sukan zo su zauna, su yi sallama da ƙarfi ta taga don ta ji muryarsu, su tashi. Zazzaɓin nan bai sake dawowa ba.

Bayan an gama, aka yi gwaji, aka sake yi, likitar ta ce jini ya dawo, ta iya shiga mutane. Muka iso gida benci cike. Inna ba ta bi ta zaure ba. Ta zagaya ta baya a hankali, ta zo ta tsaya a kan layin, ta sa ƙafa ta share shi. Sannan ta kama hannun Gwaggo da hannu biyu ta riƙe. Tsohuwar nan da ban taɓa ganin hawayenta ba, ko ranar da aka binne ƙanenta, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni ma wani abu ya faɗa min a ido, ina jin ƙwaro ne.

In na tuna wannan lokaci, ba ciwon nake fara tunawa ba. Mutanenmu nake tunawa. Na raina su, na ɗauka ba za su iya ɗaukar gaskiya ba sai an lulluɓe musu ita da ƙarya. Ashe jira suke a gaya musu yadda za su taimaka. Gari guda ya yi wata uku yana son mace ɗaya daga bayan layin da aka ja da sanda a rairayi, ba ɗan sanda, ba takarda. In ana maganar abin alfahari, ni nawa ke nan, kuma na fi kowa ƙara gishiri a labari amma wannan ban ƙara masa ko ƙwaya ba.

Gwaggo ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya haskaka kabarinta. Inna na nan, tana zuwa Yamai a duba ta lokaci-lokaci, ta koma yawon dubiyarta, sai dai yanzu in tana mura daga bakin ƙofa take tsayawa ta ɗaga murya. Kowace shekara bayan girbi muna sake zanar bayan gida, kuma kowace shekara sai ta aiko a kira ni da almakashi. Bara na ce mata, "Inna, kin warke, tagar mi kuma?"

Ta ce, "Yanka dai, mai baki. Ita kaɗai ce aikin kirkin da ka yi kana sarkin ƙohwa."